Ranar da Sitti Ta Ɓace a Dajin Zan

Mutumin da ya zo tarbata a filin jirgin Jidda bai amsa gaisuwata ba sai da ya karɓi fasfona ya jefa a aljihu. A takardar da na sa wa hannu a Kano an rubuta cewa asibiti zan yi aiki, tunda jinya na karanta, na kuma yi shekara bakwai a ɗakin mata na wani asibiti a Funtuwa. Amma motar da ta ɗauke ni ba ƙofar asibiti ta tsaya ba. Wani gida mai hawa uku aka kai ni a arewacin gari. Matar gidan ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini bokiti da tsummar goge ƙasa, ta ce yalla.

Wata huɗu na yi a gidan ina goge tayil da wanke-wanke. Duk ranar da na samu fuska sai in tambayi zancen asibiti, har suka gaji da ni suka mayar da ni ofishin da ya kawo ni, kamar atamfar da aka saya aka ga tana zuba. A saman ofishin akwai wani ɗaki da ake ajiye irinmu, Habashawa da 'yan Uganda da ni kaɗai Bahaushiya. Tagar ɗakin bangon wani gini take kallo. Abin da ya fi cin raina a lokacin shi ne 'yata Nana, wadda na bari wajen mahaifiyata tana da shekara shida, shekara guda bayan rasuwar babanta. In na kira gida sai in ce musu asibitin yana da kyau, aiki ne dai ya yi yawa.

A mako na uku wata mata mai jiki ta leƙo ɗakin, hannayenta sun yi baƙi ƙirin da lalle. Ta ce, "Ya banat, akwai mai jin Hausa cikinku?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sunanta Hauwa, kowa Khala Hauwa yake ce mata. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano ya zo aikin hajji bai koma ba. Sana'arta ƙunshin amare, shi ya sa ta san gidaje da yawa. Wani gida ne suka roƙe ta ta nemo musu ma'aikaciyar jinya mai jin Hausa. Kafin a gama mayar da iƙamata, wato takardar izinin zama, hannun sabon kafili mai ɗaukar nauyina, ta tsaya mini aka bar ni na zauna a wajenta a unguwar Nuzla. Ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama, da yamma ƙamshin tsire ya cika unguwa. Daren farko ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Na kai loma biyu na kasa haɗiyewa. Ta tura mini kofin ruwa ta ci gaba da cin nata.

Wadda aka ɗauke ni in kula da ita tsohuwa ce da ta haura tamanin, Hajiya Zainab, amma duk gidan Sitti ake kiranta, wato kaka. Iyayenta mutanen wajen Haɗeja ne, ita kuma a Jidda ta buɗe ido. Duk rayuwarta Larabci ta yi da mijinta da 'ya'yanta. Da ruɗin tsufa ya kama ta sai Larabcin ya fara zubewa, Hausar da ta yi da mahaifiyarta tana ƙarama ta dawo bakinta. Sai ta yi ta magana 'ya'yanta na tsintar kalma ɗaya su rasa uku. Babbar 'yarta Amal, malamar makaranta, ita ce kafilata. Mace ce mai tsare gida, ba ta wasa da lokacin magani, ba ta kuma yawan dariya. Doka ta farko da ta kafa mini ita ce ƙofa. Sitti tana son fita neman gidan mahaifiyarta a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, gidan da aka rushe tun ba a haife ni ba. Don haka kowace ƙofa a kulle take, makulli a wuyana.

Na yi wata goma a haka, hankalina ya fara kwanciya. Sai ɗan Sitti, Dakta Faisal, wanda ke aikin likita a Ingila, ya ce a kai masa mahaifiyarsa abokan aikinsa su duba zuciyarta. Amal ba za ta iya barin makaranta ba. Aka yi mini biza, ni da Sitti muka hau jirgi a watan Afrilu.

Gidan Dakta ba a birni yake ba. Wani ƙaramin gari ne kusa da iyakar Wales, gidan kuma shi ne na ƙarshe a layin. Bayan ɗakin girki akwai fili mai ciyawa, sai ɗan shinge na katako da ƙaramar ƙofa, daga nan sai daji. Ni da na taso ina ganin daji na ƙaya da sabara, wannan ya ba ni mamaki. Bishiyoyin dogaye ne santala-santala, jikinsu toka-toka sumul kamar an shafe su da siminti, sabon ganyensu kore shar har rana na ratsa shi. Dakta ya ce ita ce bishiyar zan, wadda kafintocin Jidda ke yin kujeru da gadaje da katakonta. Mahaifinsa kafinta ne a Balad, ya shekara arba'in yana fere wannan katako bai taɓa ganin bishiyar a tsaye ba.

Abin da ke ƙarƙashin bishiyoyin shi ya fi ɗaukar ido. Wasu furanni ne shuɗɗa, kowane kara ya sunkuyar da kai ɗauke da 'yan ƙananan ƙararrawa, sun rufe ƙasa iyakar ganinka, kamar an kifar da ruwan baba na marina ya malale cikin daji. Sitti takan zauna a bakin taga ta yi ta kallonsu.

A kwana na uku muka tashi muka tarar an tone ciyawar bayan gida kamar an yi kaftu. Dakta ya ce aladun daji ne, suna da yawa a wajen, kuma yanzu lokacin 'ya'yansu ne, lokacin da matan suka fi faɗa. Ya ce in na taɓa haɗuwa da su kada in gudu, kada in yi ihu, in ja baya a hankali in ba su hanya. Na ce masa ni da dajin nan sai dai kallo ta gilashi.

Ranar da abin ya faru Talata ce, wajen ƙarfe goma na safe. Dakta yana asibiti, matarsa ta kai yara makaranta ta wuce wurin aikinta. Na yi wa Sitti wanka, na ba ta shayi da magani, na zaunar da ita a kujerarta. Na fita ta ƙofar baya na shanya tawul, ina dawowa wayata ta yi ƙara. Mahaifiyata ce. Nana na kwance da zazzaɓi kwana biyu, tana amai, an kai ta kemis an yi mata allura amma jikin bai sauka ba. Na haye sama inda waya ta fi kamawa, ina tambayar sunan allurar, ina faɗa musu asibitin da za su kai ta da gwajin da za su ce a yi. Ban san minti nawa na yi ba. Da na sauko, kujerar Sitti babu kowa. Ƙofar baya a buɗe, ƙofar shinge a buɗe. Ni ce ban murɗa makulli ba da na dawo daga shanya.

Na duba banɗaki, na duba kowane ɗaki, duk da na san inda ta bi. Na kira Dakta, wayarsa a kashe. Na kira matarsa, ba ta ɗauka ba. A jikin firji an manna lambar kiran gaggawa. Na tsaya da waya a hannu, zuciyata na raya mini cewa in na kira 'yan sanda magana ta fita, kuma ni baƙuwa ce da bizar 'yar aiki, ƙila in shiga in same ta nan kusa babu wanda zai sani. Ba zan ɓoye ba, na yi wannan tunanin. Sai na tuna rigar da ke jikinta, 'yar shara-shara ce ta zaman ɗaki, ga sanyin da ni mai jini a jika nake rawar ɗari a cikinsa, ga zuciyar da aka kawo ta dominta. Na kira. Matar da ta ɗauka ta ce in zauna a gida, ga mutane nan zuwa. Na ce to, na ajiye, na zura silifa na shiga dajin.

Daga taga dajin yana da kyau. A cikinsa kuwa ko'ina iri ɗaya ne. Kowace bishiya kamar 'yar'uwarta, shuɗin nan gaba da baya, hanyoyi sun rarrabu babu alama. Ina tafe ina kiran Sitti, muryata na dawo mini. Laka ta cinye mini silifa ɗaya na bar ta a nan. Can na hangi takalminta na soso guda ɗaya a gefen hanya, na ɗauka na riƙe a ƙirji na bi ta wajen.

Ban yi nisa ba na fara jin wani wari mai ƙarfi, kamar na turken awaki da ya kwana cikin ruwan sama. Ƙasar wurin duk an birkice ta, furannin a tuge. Na zagaya wata faɗaɗɗiyar bishiya, sai ga wata uwar aladun daji a gabana, tazarar da ba ta fi tsawon ɗaki biyu ba. Baƙa ce, gashinta tsaye kamar tsinken tsintsiya, ta fi ragon layya girma nesa ba kusa ba. A ƙafafunta 'ya'ya biyar ko shida, masu zane-zane a baya kamar an ja musu layi da alli. Ta ɗago dogon bakinta duk ƙasa, ta zuba mini ƙananan idanu, ta yi wani gurnani daga cikin ciki.

Ƙafafuna suka ce in gudu. Na tuna maganar Dakta, na danne. Na fara ja da baya taku ɗaya-ɗaya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Bayana ya bugi bishiya, na lallaɓa na koma bayanta na leƙo. Ta yi taku biyu zuwa wajena ta tsaya, ta busa hanci. Sannan ta juya, 'ya'yan suka bi ta a guje da 'yan wutsiyoyinsu, suka nutse cikin kurmi. Na sulale na zauna a gindin bishiyar. Abin da ya zo mini a rai shi ne, in ni da hankalina na sha da ƙyar, ina ga tsohuwar da za ta iya ɗaukarsu awaki ta miƙa hannu.

A nan wata Baturiya ta same ni. Doguwa ce, tsohuwa, farin gashinta a yanke, tana riƙe da igiyar wani jan kare. Da ta ga na takure saboda karen sai ta janye shi bayanta. Ta ce sunanta Magret. Na faɗa mata abin da ya faru, Turancina na kakkaryewa. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ƙofa ta zama a buɗe ba. Ta tambayi shekarun Sitti, da ko gwiwoyinta na ciwo. Ta ce mijinta ya yi irin wannan lalurar shekara shida kafin ya rasu, sau uku yana ɓace mata a dajin nan, kuma duk a gangare ta same shi, don tsoho ba ya zaɓar hawa. Ta kira 'yan sanda ta faɗa musu inda muka nufa, ta ce in biyo ta wajen rafi.

Muka gangara. Ni ce na fara hango farin ɗankwalinta. Tana zaune ta jingina da wata ƙatuwar bishiyar zan, ta miƙe ƙafafu cikin furannin, rana ta sauko mata a kafaɗa. Ta tattare gaban rigarta ta cika shi da wasu fararen 'ya'ya kamar ƙananan albasa, tana ware manya daga ƙanana. Saiwar furannin ce da aladun suka tono suka bari.

Ta ɗago ta dube ni babu ko alamar tsoro. Ta ce, "Kin daɗe. Ga albasa na tsinto wa Inna, ta ce a yi sauri."

Magret ta taɓa kafaɗata ta ce a hankali, wannan abin guba ne, in duba ko ta ci. Na durƙusa na ce Sitti ta buɗe baki, ta ƙi. Na sa yatsa zan buɗe, ta make mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ke wace irin yarinya ce? Wa ke cin albasa ba a wanke ba?"

Na duba duk da haka. Harshenta fes, babu ƙasa a haƙoranta, babu ko ɗaya da aka gatsa cikin na cinyarta. Dariya ta kama ni, kuka ya biyo ta, na rasa wanne nake yi. Magret ta tambayi abin da ta ce, na fassara mata, ita ma ta yi dariya har da share ido.

Jikin Sitti ya yi sanyi ƙalau, ƙafarta ɗaya ta kuje. Magret ta cire rigar sanyinta muka sa mata. Tafiya ba za ta yiwu ba, don haka na cire mayafina na durƙusa na goya ta, na ɗaure tam a ƙirji kamar yadda nake goya Nana. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta yarda ta bar albasar bayan na yi mata alkawarin za mu dawo da kwando. Magret na gaba da karenta, ni ina biye da ƙafa ɗaya babu takalmi, Sitti na yi mini faɗa a kunne wai ina girgiza ta. A rabin hanya muka haɗu da 'yan sanda biyu, suka ce su karɓe ta, ta ƙanƙame wuyana ta ƙi.

A asibiti aka kwana da ita, ba a samu komai ba sai kujewar da ɗan sanyi. Washegari kuma aka kira ni daga gida, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, Nana ta fara shan kunu.

Da muka dawo gida Dakta ya zaunar da ni a ɗakin girki ya tambaye ni yadda aka yi. Shi da kansa ya buɗe mini hanya, ya ce ko yaran ne suka bar ƙofar kafin su tafi makaranta. Na ce a'a, ni ce, na faɗa masa zancen shanya da wayar da hawa sama. Ya ce shi ba zai yanke komai ba, Amal ce kafilata, kuma dole ya gaya mata.

Sauran mako ukun da muka yi, gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Ya sa aka ɗaura wa ƙofar baya ƙararrawa. Magret ta zo sau biyu da kek, ta zauna kusa da Sitti, wannan na Hausa wannan na Turanci, kowacce na gyaɗa wa 'yar'uwarta kai. Kafin mu taso ganyen zan ya yi duhu ya rufe sama, furannin suka yanƙwane suka kwanta.

Muka sauka Jidda cikin zafin da ke dukan fuska tun daga ƙofar jirgi. Saura wata ɗaya iƙamata ta ƙare, kuma sabunta ta a hannun Amal yake. Ta rungume mahaifiyarta, ni ta amsa sallamata a taƙaice. Kwana huɗu ba ta tayar da maganar ba. Na kira Khala Hauwa, ta ce in riƙe bakina in yi aikina, mai shirin korarka ba ya yawan jinkiri. Duk da haka na ninke kayana na jera a jaka, ina tunanin da wane baki zan gaya wa mahaifiyata.

A rana ta biyar bayan la'asar Amal ta kira ni falo. Ta ce in zauna a kujera, na zauna a bakin-baki. Da Larabci ta fara, a hankali yadda zan gane. Ta ce Faisal ya gaya mata komai, har da cewa ya ba ni damar ɗora wa yaransa na ƙi. Ta murza zoben hannunta. Sannan ta ce shekara biyu da suka wuce, kafin in zo, Sitti ta taɓa ficewa ta yini a waje, sai dab da magariba wani mai shago a Balad ya kira su. Ita ce ta bar ƙofar ranar, tana sauri za ta makaranta. Amma da 'yan'uwanta suka tambaya sai ta ce 'yar aikin da ke gidan ce, aka sallami yarinyar aka mayar da ita ƙasarsu. Ta ce ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ta riga ta sabunta iƙamar tun shekaranjiya, kuma in an yi hutun makaranta za ta zauna da Sitti wata guda in je in ga 'yata. Sai ta juya harshe zuwa Hausa, abin da ban taɓa ji daga bakinta ba, tana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ramatu, ki zauna. Uwa na tana so ki. Khalas, shi ke nan."

Na yi godiya na tashi. A ɗakin girki na zauna a ƙasa na jingina da firji, na sha ruwa kofi biyu. Ƙarfe biyar ta yi, lokacin maganin zuciya. Na ɗauki ƙwayar da ruwa na shiga ɗakin Sitti. Ta dube ni da kyau, ta karkata kai.

"Ke 'yar gidan wa ce?"

Na gaya mata sunan mahaifina da na garinmu. Ta ce ba ta san shi ba, amma daga gani na fito gidan mutunci. Ta buɗe baki na sa mata maganin.